Dutsen da Na Fara Hawa da Baki

Laifin Hausa ne, ko da yake ni ma ina da nawa kason. Mu komai dutse ne a wurinmu. Wanda ake niƙa a kai dutse, wanda ake guga da shi dutse, wanda za ka ɗauka ka jefi kare dutse, sannan wanda alhazai ke tsayuwa a gindinsa ranar Arfa shi ma dutse. Larabawa kuwa sun raba abinsu, na jifa da sunansa, tudu da sunansa, sai babban da ya tokare sama su ce masa jabal. Na san wannan a takarda tun ina Kano, amma sanin takarda daban, buɗe baki a gaban mutane daban.

Shekarata ta farko a Alƙahira aka haɗa ni ɗaki da wani ɗalibi ɗan Indunusiya, a wani gida hawa na bakwai a unguwar Hayyu Sabi'. Gajere ne, mai yawan murmushi, mai dafa shinkafa sau uku a rana ba tare da ta gundure shi ba. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, sai muka haɗu a Larabcin littafi. In muna musu a kan wanda zai wanke tukunya sai ka rantse huɗuba ake yi. Wata rana muna cin abinci ya shiga ba ni labarin tsibirinsu: kwakwa, kanumfari, kifi, da wani jabal da ke bayan ƙauyensu, wanda daga kansa ake ganin teku ta ko'ina. Ni kuma ba na son a bar ni a baya. Na ce ai mu ma muna da jabal, a tsakiyar gari ma yake, kuma ina yaro kusan kullum bayan La'asar sai mun hau shi da silifa, mu sauko kafin Magariba.

Ya ajiye cokali. "Da silifa, ya akhi?" in ji shi, wato ɗan uwana.

"Da silifa. Wani lokaci ma da gudu."

Dala nake nufi, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne, in ka cire kalma ɗaya. Dala tana da matakala, tsofaffi ma na hawa su huta su sauko. A take na gane ya ɗauki abin da girma, kuma a take ya kamata in gyara. Sai dai kallon da ya yi mini ya yi mini daɗi. Ni da ko kan katanga ba na iya leƙowa ba tare da jiri ya ɗebe ni ba, ga wani yana kallona kamar jarumi. Na ƙara loma, ban gyara ba.

Shekara shida muka yi tare, maganar ba ta mutu ba. Duk baƙon da ya zo sai ya gabatar da ni da ita. Ranar da muka je Giza kallon dalolin Fir'auna ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko jabal ɗinmu ya fi wannan. Na ce masa abin mamaki, a yarenmu sunansu ma ɗaya, wannan dala wancan Dala. Ya ce subhanallah, ya manta da tambayar. In don tsayi ne kuwa, ta Fir'auna ta ɗara tamu. Sau biyu yana cewa mu je mu taka tudun Muƙaɗɗam da ke gefen gari, ina ce masa wannan ai wasan yara ne, ya bari sai mun samu na gaske.

To, na gasken ya zo. Abokin nawa ya gama karatu, ya koma gida, mutanen ƙauyensu suka ba shi limanci da makarantar masallaci, aka kuma sa ranar aurensa. Ni na zauna a Alƙahira ina ci gaba da karatu, ina kuma aikin tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa asibiti daga gida. Ya kira ni ya ce in ban zo ɗaurin auren ba babu ni babu shi. Muna cikin dariya sai ya ƙara da cewa:

"Kuma na ba kowa labarinka. Baban amarya ya ce shi da kansa zai raka ka kan jabal. Duk ƙauye sun san abokin malam mai hawa da silifa yana zuwa."

Da kunyata ni kaɗai ce da sauƙi, na saba shan ta. Amma wannan mutum ne da ya dawo daga Masar da rawani, ƙauye guda ya zuba masa ido, kuma duk abin da ya faɗa a kan mumbari da amanar bakinsa za a karɓa. Labarin farko da ya ba su daga ƙasar karatu shi ne nawa. In na je na kasa, a gaban surukinsa, sai a ce malam ya zo musu da ƙarya. Na ƙudura a raina ko da jan ciki ne sai na kai ƙolin dutsen nan.

Wata biyu ya rage, sai na shiga horo. Na daina shiga asansir, na'urar da ke kai mutum sama, na koma bin matakala har hawa na bakwai. Mai gadin gidanmu, wani dattijo mutumin kudancin Masar da ke yini a kan benci da kofin shayi, ya zuba mini ido kwana uku, a na huɗu ya kasa haƙuri.

"Ya shehi, asansir ɗin fa lafiyarsa ƙalau."

"Na sani, ya ammu, baffana. Motsa jiki nake yi."

"Ma'alish," in ji shi, wato sai haƙuri, da irin muryar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

In na je Wustul Balad, tsakiyar birni, neman takardun tafiya, sai in bar matakalar lantarki ta tashar jirgin ƙasa in bi ta ƙafa, mutane na wuce ni a tsaye suna kallona ina haki. Na yi mako biyu a haka. Daga nan aiki ya yi yawa, zafi ya shigo, na ce ai ƙarfin zuciya ya fi na ƙafa, na koma asansir. Mai gadi ya yi mini barka.

Jirgin sama biyu, mota, sannan jirgin ruwa. Tun daga kan ruwa na hango shi. Tsibirin kore ne shar, bishiya a kan bishiya, sai can sama wani ƙaton baƙin dutse ya fito tsirara kamar kan mai sanƙo, girgije na shafar gefensa. Na tambayi wani a jirgin da hannu ko shi ne wancan, ya gyaɗa kai yana murmushi. Daga baya na fahimci a wurinsu ba wani abin tsoro ba ne. Akwai hanya, akwai rumfunan hutawa, 'yan yawon buɗe ido na hawa da safe su sauko cin abincin rana, matan ƙauye ma na zuwa ranar hutu. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi, don ba ni da uzurin da zan kawo.

Kwana biyu kafin ɗaurin aure, bayan sallar Asuba, muka fito mu uku: ni, ango, da baban amarya. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, ɗaure da zane irin na mazansu, adda a hannu, taba mai ƙamshin kanumfari a baki. Ina da takalmin ƙafa ciki da na sayo musamman a Alƙahira na ɓoye a ƙasan jaka. Na sunkuya zan ɗauko shi ke nan sai ango ya leƙo da fara'arsa, ya ajiye mini sabon silifa a bakin ƙofa.

"Na san ba ka son takura. Yalla, mu je, Baba na jira."

Baki shi ke yanka wuya. Na zura silifa, na gyara hula, muka kama hanya, mutanen ƙauye na ɗaga mana hannu daga ƙofar gidajensu.

Farkon tafiyar har daɗi ta yi mini. Muka ratsa gonakin kwakwa da ayaba, muka wuce inda aka shanya kanumfari a kan tabarmi, ƙamshi kamar an buɗe tukunyar kunu. Birai na bin mu ta saman bishiyoyi. Na fara tunanin ko dai na tsorata kaina ne a banza. Sai hanya ta miƙe tsaye. Zafin can ba irin namu ba ne da ke ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu jiƙa ka yake yi. Kafin rabin sa'a rigata ta manne a bayana, silifa na santsi a ƙarƙashin tafin ƙafata, numfashina na fita da ƙara. Tsoho kuwa yana gaba, yana sare reshe nan da can, ko tabarsa bai kashe ba.

Muka iso rumfar farko, da bencin katako a ciki. Wallahi ban taɓa ganin benci mai kyau irin wannan ba. Tsoho ya rage tafiya, ya fara gyara zane zai zauna. A nan ango ya ga dama ta samu ya nuna wa surukinsa cewa har yaren Afirka ya koyo. A shekarun da muka yi tare ya tsinci gaisuwa a bakin 'yan uwana ɗalibai masu zuwa ɗakinmu, kuma ya taɓa tambaya ta ma'anar ɗaya daga ciki, na ce masa tambaya ce a kan gajiya. Abin da ban gaya masa ba shi ne amsarta ɗaya ce tak a duniya. Ya juyo, ya gyara murya, ya ce da Hausarsa mai lanƙwasa:

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji bakina, kafin ya shawarce ni.

Ya juya ya fassara wa tsoho. Tsoho ya dube ni, ya ɗaga gira, ya saki zanensa, ya wuce. Na bi bencin da kallo har ya ɓace.

A rumfa ta biyu haka aka sake yi. Na shirya amsa tun daga nesa, na jera ta a Larabci: na gaji, mu ɗan zauna. Amma da ya ce ina gajiya, sai amsar gida ta riga ta fita. Ni da nake yi wa marasa lafiya faɗa a asibiti, likita ya tambayi mutum yaya jiki, yana murƙususu ya ce da sauƙi, in ce masa Alhaji nan ba gaisuwa ake yi ba, faɗi inda ke ciwo. Ga ni yau ina yin abin da ya fi nasu. A rumfa ta uku ma ban iya magana ba, kai kawai na girgiza, ango ya ɗauka ba gajiyar ce dai, ya ce, "Masha Allah, tamam," wato madalla, muka wuce.

Sai bishiyoyi suka ƙare kamar an yanke su da wuƙa. Muka fito fili, iska ta buge ni, na ga abin da ya rage. Dutse ne tsurarsa, ya kwanta a karkace zuwa sama, faɗinsa bai fi na ɗaki biyu ba, an kafa ƙarafa an ɗaura igiya a gefe ɗaya. Dama teku, hagu teku, can ƙasa ƙwarai. Wasu Turawa biyu na saukowa suna hira, ɗaya ma tana cin ayaba. Tsoho ya taka ya hau ko igiyar bai taɓa ba.

Na yi taku biyar. A na shida na yi kuskuren duban gefe, na hango jiragen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Duniya ta juya. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba, sai ji na na yi na dafa dutse da hannu biyu, igiyar silifa ɗaya ta tsinke, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na gwada miƙewa, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Tsoho ya tsaya daga sama ya juyo yana kallona. Ango ya dawo da sauri ya tsuguna kusa da ni.

"Lafiya, ya akhi? Ka ji ciwo?"

A nan na ga babu sauran wurin ɓuya, kuma abin da ya rage mini in yi masa shi ne in cire shi daga ciki. Na ce, ba tare da na ɗago ba:

"Ka saurare ni. Dutsen garinmu ba jabal ba ne, tudu ne mai matakala. Ban taɓa hawa irin wannan ba, kuma tsoron bisa nake yi tun ina yaro. Ka gaya wa Baba haka. Ka ce masa kai ba ka yi ƙarya ba, abin da na gaya maka ka faɗa. Ni ne na bar ka a kai shekara shida."

Ina jin iska na kaɗa rigarsa. Sannan ya miƙe, ya fuskanci surukinsa, ya yi magana da yarensu, doguwa, fiye da abin da na faɗa. Na saci kallon tsoho ina jiran dariya ko tsaki. Sai na ga ya cire taba daga bakinsa, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna mini. Ya juya ya ƙarasa ƙoli, ya nemi wuri ya zauna, ya yafito ni da hannu yana wata magana.

"Me ya ce?" na tambayi ango.

"Ya ce ka taho yadda ka ga dama. Khalas, shi ke nan, kada ka dubi gefe, dubi ƙafata."

Da rarrafe na ƙarasa, kamar mai koyon tafiya, silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a aljihu, idona a kan dugadugan ango. Da na isa na zauna daɓas kusa da tsoho, na riƙe wani ɗan tsagin dutse da hannu ɗaya. Sai da numfashina ya dawo sannan na yarda na duba. Tsibirin gaba ɗaya yana ƙarƙashinmu, ga rufin masallacin ƙauye, ga hayaƙin girkin biki, ga ruwa ya kewaye komai, kusa da gaɓa kore, can nesa shuɗi har inda ido ya gaza. Tsoho ya kwance wani ƙullin ganyen ayaba, ya miƙo mini shinkafa da soyayyen kifi, ya zaɓo mini babban yanki. Na ci, ina jin daɗi da kunya a haɗe, don na ɗauka tausayina yake ji.

Saukowa da baya-baya na yi ta, kuma a kowace rumfa sai da muka zauna, ba wanda ya sake gaishe ni da Hausa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranar biki. Ina tsammanin za a riƙa nuna ni ana ƙunshe dariya, sai ga shi an zaunar da ni a sahun manya. Tsoho na kama hannuna yana kai ni wurin tsararrakinsa, ya yi musu bayani, su gyaɗa kai su dafa ƙirji. Sau ɗaya ma ya tara samarin gidan, ya nuna ni, ya yi musu wata magana mai kama da faɗa, suka sunkuyar da kai. Ango kuwa ya shige cikin hidima, duk lokacin da na nufo shi sai a janye shi.

Sai ranar tafiyata na same shi shi kaɗai, a bakin gaɓa, ana loda buhunan kanumfari a jirgin ruwan da zan shiga. Tsoho ma ya rako ni, yana can gefe a tsaye da wasu masunta.

"Ango, tsakaninka da Allah, me ka gaya wa Baba a kan dutse?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce masa a ƙasarku ƙarami ba ya miƙewa tsaye a inda kansa zai ɗara na babba. Na ce kai dogo ne, ka ga an kusa ƙoli, shi ya sa ka durƙusa, don girmansa."

"Ba abin da na ce ka faɗa ba ke nan."

"Ai na sha ganin ka kana tsugunawa in kana gaida babanka a waya."

"Wannan daban."

"Na sani," in ji shi. Murmushin ya ɗan ragu. "Tun daga kan dutse har gida istigfari nake yi. Amma kai baƙona ne, ya akhi. Ka ƙetaro rabin duniya saboda ni. Ba zan tsaya in fassara kunyarka da bakina ba."

Na sha wahalar nan duka don kada a ce malam ya yi ƙarya, ga shi ya yi ta da gangan saboda ni, a gaban surukinsa, a makon aurensa. Ban taɓa jin ƙaunar wani aboki ta kama ni kamar a wannan lokacin ba, kuma na san da wuya mu sake zama ɗaki ɗaya a duniyar nan.

Jirgi ya yi ƙara. Ya ɗauki jakata, ya yi gaba da ita, sannan ya juyo ya ce a hankali, "In kana son ka rage mini nauyin ƙaryar nan, ga Baba can. Je ka yi masa sallama irin ta garinku."

Na je. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa a kan katakon gaɓa, gwiwoyina da suka kuje suna zafi, na ce masa da Hausa Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri, ya sa mu gana. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ɗora tafinsa a kan hulata yana ta addu'a da yarensu. Mai jirgi ya sake danna ƙaho, ni kuwa na daɗe a durƙushe fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, don idona ya cika kuma ba na son in ɗago su gani.